Muryar da Ta Amsa Wayar Yaya

Ranar da na kira Yaya in gaya mata sakamakon jarrabawata ya fito, namiji ne ya ɗauka. Na ce a ba ni mai wayar. Muryar ta ce, "Auta, ni ce fa."

Yaya tela ce. Da kekenta ta riƙe gidanmu tun rasuwar Baba, har na gama jami'a. Siririya ce tun tana ƙarama, masu kawo ɗinki kan tsokane ta: "Ke da allurarki wa ya fi ƙiba?" Ba ta taɓa kula su ba, sai da gajiya ta fara kayar da ita a kan keke. Wani mai shagon magani ya ba ta ƙwayar ƙarfi, irin ta masu ɗaga ƙarfe. Bai gaya mata sinadarin maza ne aka haɗa ba.

Da farko kowa murna yake. Kafaɗunta suka buɗe, tana sungumar kan keke ita kaɗai. Inna har cewa take, "Yanzu kika zama mutum." Daga baya ƙuraje suka feso mata a gadon baya, al'adarta ta ɗauke, gashi ya tsiro a haɓarta. Duk ta ɓoye mini, wai kada karatuna ya rikice. Murya ce ta ƙi ɓoyuwa.

Da na dawo na ja ta asibiti. Likita ya hana ta ƙwayar, ya ce mai yiwuwa muryar ta zauna ke nan. Sannan ya daɗe yana duba idonta da ya yi rawaya, ya ce hanta yake tsoro.

Inna ta ce Yaya ta zauna a gida har mutane su manta. Washegari Yaya ta buɗe shago, haɓa a waje. Wata ta shigo tana ƙunshe dariya: "Sannu da aiki, Malam tela."

"Yawwa, Hajiya. Gemuna zai ɗinka miki rigar ko hannuna? Ɗaga kafaɗa in auna ki."

Matar ta ɗaga.

Ni ce har yanzu nake rugawa in ɗauka idan waya ta yi ƙara, ko daga asibiti ne. Jiya ta kama ni ina leƙen idonta.

"Auta, daina yi mini kallon gawa. Miƙo almakashi."

An ɗebi jininta. Sakamakon hantar bai fito ba tukuna, muna jira.