Wasiƙar Talata Ta Zo Ba Ka Nan

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Lahadi, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran abokin aikinmu kuma malaminmu, wanda duk muka sani da Mai Tsintuwa, bayan jinyar kwana shida. Malam, ina shanya wanki ƙaninka ya kira ni ya faɗa mini. Na bar wankin na zauna a bakin bokiti.

Wanda bai san ka ba zai so ya ji inda sunan ya samo asali. Shekara goma sha ɗaya, kowace Talata da ƙarfe takwas na safe, kana aika wa mutum kusan dubu biyu wasiƙa ta imel. A cikinta akwai abubuwa biyar da ka tsinto a intanet, kowanne da mahaɗinsa, wato adireshin da ake latsawa a je wurin, da layi biyu na bayani. Yau shafin wani mai gyaran agogo ne da ya zana komai da hannunsa, wani makon taswirar wayoyin intanet da ke kwance ƙarƙashin teku. Ta wurinka na san manhajar da ke nuna wa mai zane yadda wanda ba ya bambance ja da kore yake ganin shafinsa. Akwai makon da ka turo mana shafin da babu komai a cikinsa sai ƙarar tsofaffin injinan buga takarda, ka kunna mana shi a ofis har sai da muka roƙe ka ka ji tausayinmu.

Ofishin namu na zanen shafuka ne, ɗaki ɗaya mai tebur huɗu da fanka mai tari. Naka teburin na jikin taga, da kofin shayin da ba ka yarda kowa ya wanke maka ba, da aljihun tebur cike da tsofaffin wayoyi. Ban manta shafina na farko ba, wanda na yi wa wani kantin littattafai. Na cika shi da hotuna masu motsi, ina ta hura hanci. Ka zaro wata waya mai fasasshen gilashi, ka buɗe shafin, ka shiga ƙirga da ƙarfi. Sai da ka kai arba'in hoton farko ya bayyana. Ka ce, "Ƙanwata, kyau kam akwai shi, amma mai sayen littafin ya riga ya koma gida." Na cika na yi fam, yini guda ban yi maka magana ba. Washegari ka jawo kujerarka kusa da tawa, muka rage kayan tare, kuma da mai kantin ya zo ka ce masa duk aikina ne. Na gode, Malam. Ban taɓa faɗa maka da bakina ba, kuma abin yana damuna.

Kana da doka ɗaya da muke yi maka tsiya a kanta. Kakan rubuta wasiƙun tun makonni kafin lokacinsu, ka saita su su fita da kansu. Amma duk Talata sai ka riga kowa zuwa ofis, ka latsa mahaɗan nan biyar ɗaya bayan ɗaya. In ka tarar an rufe wani shafi, ka cire shi ka sa wani. Kakan ce tura mutum shafin da ya mutu daidai yake da yi wa baƙo kwatancen gidan da aka rushe. A shekara goma sha ɗaya ba a taɓa kama ka da matacce ko ɗaya ba.

Kwana biyu da rasuwarka Talata ta zo. Mu duka mun manta da saitin. Ƙarfe takwas daidai wayoyinmu suka yi ƙara a tare, ga sunanka, ga gaisuwarka ta kullum. Na buɗe ina kuka, na latsa na farko, na latsa na biyu. Na uku ya ƙi buɗewa, an rufe shafin. Kafin azahar amsoshi sun fi sittin, kuma babu mai ƙorafi a cikinsu. Wani da ba mu taɓa gani ba ya rubuta, "Malam, lafiya kuwa? Shekara tara ina karanta ka, yau ne na fara cin karo da matacce. Ko ba ka jin daɗi ne?" Da mahaɗi ɗaya suka gane cewa wani abu ya same ka.

Da yamma matarka ta kira ni. Wayarka na hannunta, amsoshin kuma a can suke sauka. Ta ce, "Ƙanwata, don Allah ki kashe abin nan. Mutane sai magana suke yi masa kamar yana ɗaki, ni ba zan iya ba." Ni kaɗai ce ke da kalmar sirrin shiga inda ka saita wasiƙun, don ni ke gyara maka kurakuran rubutu, waɗanda ba su da kaɗan. Na duba, saura wasiƙa uku ka bari a layi. Gaskiya ban so kashewa ba, raina ya ƙi. Amma ita ce ta fi kowa haƙƙi a kanka, don haka na ɗauki kwamfuta na tafi gidan, in kashe a gabanta.

Muka zauna a falo, kujerarka na gefe da tabaranka a kan hannunta. Na ce, "Anti, ko za ki duba su sau ɗaya kafin in goge?" Ta ce ita ba ta taɓa karanta ko ɗaya ba, harkarku ce ta masu kwamfuta. Ta matso da allon dab da fuskarta, don idonta ba shi da ƙarfi, ta karanta a hankali. Can ta tsaya ta ce, "Wace ce kuma Alƙaliya?"

Sai a lokacin na gane ba ta sani ba. Duk masu karanta ka sun san Alƙaliya. A ƙarƙashin abu na biyar kullum kakan rubuta hukuncinta: Alƙaliya ta ce rubutun ya yi ƙanana, Alƙaliya ta ce ta rasa inda za ta latsa, Alƙaliya ta ce wannan kam an yi aiki. Masu zane da yawa sun ƙara girman rubutun shafukansu saboda tsoron bakinta. Na ce, "Anti, ke ce." Ta ce, "Ashe shi ya sa duk mako sai ya miƙo mini waya ina tsakiyar aiki ya ce in duba? Ni na ɗauka neman magana ne kawai irin nasa." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta sa na buɗe mata tsofaffin wasiƙun, ta fi awa guda tana bin hukuncinta na shekaru. Da ta gama ta goge ido ta ce, "Bar su su fita. Amma kada a sake tura matacce da sunansa."

Talata biyu a jere na je gidan da sassafe, muka latsa mahaɗan tare, wasiƙun suka fita lafiya. Ta ƙarshe ita ce ta jiya. Huɗu ka gama su tsaf. Na biyar shafi ne na kukan tsuntsaye, ka latsa hoton tsuntsu ka ji muryarsa, a ƙarƙashinsa kuma ka rubuta wa kanka: ana jiran hukuncin Alƙaliya. Na miƙa mata wayarta. Ta latsa tsuntsu uku, ta saurare su har ƙarshe. Ta ce, "Rubuta. Shafin ya yi kyau, amma rubutun ya yi ƙanana. Ki kuma gaya musu mai tambayata ya tafi, su yi masa addu'a." Haka na rubuta, ban ƙara ko harafi ba. Ƙarfe takwas ta fita, kuma duk biyar ɗin suna buɗewa.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Alherin da ka yi shekaru kana tsinto mana, Allah Ya sa ka tarar da shi yana jiranka. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka da ƙannenka, da abokan aikinmu, da mutum dubu biyun da Talata mai zuwa za su duba waya ƙarfe takwas su ga babu komai. Ke kuma Anti, Alƙaliyarmu, Allah Ya ba ki haƙuri da juriyar wannan rashi, Ya haɗa ku a gidan rahama. Amin.