Shanu Nawa Ne a Gidanku?

Ranar Talatar nan ba ta fita daga raina ba, kuma abin da na fara lura da shi shirun yara ne. Na sauka daga kabu-kabu a bakin makaranta, jakar kwamfutar hannu a kafaɗata, babu yaro ko ɗaya da ya rugo ya karɓa. Kullum sai sun yi kokawa a kan wanda zai ɗauka. Na gaida Inna mai nono da ke zama gindin darbejiya da Fillanci kamar yadda na saba, ta gyara faifan ƙwaryarta ba ta ɗago ba. Mai babur ya kalle ni, ya kalli wasu maza da ke zaune a barandar ofishin hedimasta da sanduna da bindigar toka, bai tsaya in ce masa ya dawo da azahar ba, ya juya.

Malama Luba ce ta ce in rubuta wannan saboda ku da za a tura makarantu da na'ura bana. Zan faɗi yadda abin ya faru dai, ba ƙari.

Sunana Balkisu, a Bodinga nake. Sakandare na gama, ban wuce nan ba. Malama Luba ta koyar da ni a can, kuma lokacin da abin nan ya faru tana karatun digiri na biyu a jami'a, a kan yadda za a koyar da yara da na'ura a ajin da ake jin harshe biyu. Makarantar da ta zaɓa tana wani ƙauye a ƙasar Shagari, gaba da Horo Birni. Rabin aji ɗaya 'ya'yan manoma ne, Hausa suke ji. Rabin kuma daga rugage suke zuwa, da Fillanci kaɗai suke shiga makaranta, sai su yi shekara suna kallon bakin malami. Ta ɗauke ni ne saboda kakata Bafillatana ce daga Danchadi, na tashi ina jin harshen. Na gida ne dai nawa, na tuwo da gaisuwa da faɗa. Ban taɓa kwana a ruga ba.

Aikin ba wuya. Talata da Alhamis nake zuwa. In buɗe darasi a kwamfutar hannu, ita ta yi tambaya da Hausa, ni in maimaita da Fillanci, yaro ya amsa da harshen da ya ga dama, na'ura ta ɗauki muryarsa. Ran Juma'a in kai wa Malama ta saurara, ta rubuta abin da ta gano. Akwai takardar izini daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, hedimasta ma ya sa hannu. A wurinmu komai ya cika.

Darasin Alhamis da ta gabata na ƙidaya ne. Abin da Malama ta karanto a jami'a shi ne, yaro ya fi saurin gane lissafi in ya ƙirga abin da ya sani a gidansu. Saboda haka 'ya'yan manoma aka tambaye su kaji nawa ne a gidansu, ina suke kwana. Yaran ruga kuma aka sa musu shanu. 'Ya'yan manoma suka yi ta ihu da amsa. Yaran ruga kuwa suka sunkuyar da kai. Na zaci Fillancina ne bai fita ba, na ƙara ɗaga murya, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na tashi aiki ranar ina tunanin yaran ba su iya ƙirga ba.

Ran Lahadi da asuba masu bindiga suka kore shanun wani mutum mai suna Sambo, uban Manu, ɗaya daga cikin yaran ajin. Ba su bar masa ko maraƙi ba. Ni ban ji labari ba, ina Bodinga. Kuma wannan Juma'ar Malama ta tafi jami'a, na'urar a ɗakina ta kwana har Talata.

Hedimasta, Malam Garba, shi ya tare ni a baranda. Bai amsa gaisuwata ba sosai. Ya ce a hankali, "Balkisu, ba su jakar. Kada ki yi gardama da kowa."

Wanda ya karɓa Ɗan Ige ne, shugaban 'yan bangan garin. Ya karɓi wayata ma. Ya ce, "Ke ce mai tambayar ɗiyan mutane shanu nawa?"

Na ce darasi ne.

Ya ce, "To, mu ma darasin munka zo ji. Wuce mu tahi gun Maigari."

Daga makaranta zuwa ƙofar Maigari ba nisa, amma na ga mutanen da ban san garin yana da su ba. Mata sun leƙo ta kan danga. A nan na fara jin kalmar, wani saurayi ya faɗe ta ba da ƙarfi ba: infoma. Kun san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa wannan sunan a zamanin nan. Ba a cika jiran 'yan sanda ba.

Aka zaunar da ni a kan tabarma cikin zaure, ta gefen bango. Maigari tsoho ne, yana kan kujerarsa. Sambo yana zaune kusa da ƙofa, dogo siriri, sandarsa a kwance kan cinyarsa, bai dube ni ba. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe."

Maigari ya ce, "Ɗiyar wa ce ke a Bodinga?"

Na faɗi sunan babana, na ce tela ne a kasuwa, kakata kuma Bafillatana ce daga Danchadi.

"Mi kika tambayi yaran ga ran Alhamis?"

Na faɗa. Ban ɓoye ta biyun ba, ta ina suke kwana, domin na san yaran sun riga sun faɗa a gida. Da na faɗe ta sai na ji waje ya ɗauki guna-guni.

Ɗan Ige ya ce, "Ranka shi daɗe, ka ji da kunnenka. Nawa ne, ina suke kwana. Alhamis anka tambaya, Lahadi anka zo. Kuma abin ga ɗakinta ya kwana. Wa ya san wanda ta kunna ma?"

Na ce ban kunna wa kowa ba, amma ni kaina na ji yadda maganar ta fito ba nauyi. Malam Garba ya ce akwai takarda daga ofishin ilimi. Maigari ya ce, "Malam, takardar ga, ta zo ruga?" Malam Garba ya nemi izini ya fita ya kira Malama Luba a waya, Maigari ya ce a jira ta, kuma kada wanda ya shigo zauren sai da izninsa.

Jiran nan shi ne abin da har yau nake farkawa da shi. Rana ta hau, zauren ya yi zafi. Wata mata daga cikin gida ta ajiye mini ruwa a kofin silba, ban taɓa shi ba. Ina jin muryoyi a waje suna ƙaruwa, wani ya ce a fito da ita, wani ya ce a bari Maigari ya gama. Na yi ta tunanin abubuwa marasa amfani, wai na bar wanki a igiya, wai mamata ba ta san sunan ƙauyen ba. Aka yi sallar azahar, mazan suka fita suka dawo. Ni a nan na yi tawa, a zaune.

Malama ta iso bayan azahar, mayafinta duk ƙura, daga aji ta taso. Ta durƙusa ta yi gaisuwa mai tsawo, ta jajanta wa Sambo, sannan ta ce, "Ranka shi daɗe, ni na rubuta tambayar nan da hannuna. Yarinyar ga karantawa kawai ta yi. In akwai wanda za a riƙe, ni ce."

Ɗan Ige ya ce, "Ke ma ba a ce kin fita ba, Malama. Wa ke jin muryoyin ga?"

"Ni, sai malamin da ke duba aikina a jami'a. Na Alhamis kuwa ko ni ban ji ba tukuna."

"Haka kika ce."

"Haka ne kuma."

Ya ɗaga na'urar sama ya ce shi a ganinsa a fasa ta da dutse a gaban kowa, sannan a san yadda za a yi da mu. Malama ta ce in an so a goge komai yanzu za ta goge, ko da aikinta na shekara ne a ciki. A nan ne Sambo ya yi magana, karo na farko tun safe. Hausarsa a hankali take fita.

Ya ce, "Kada a fasa. In ji abin da ɗana ya ce."

Ni aka miƙo wa, domin ni na san inda darasin yake. Da na kunna, muryata ce ta cika zauren, da ƙarfi, da fara'a, ina tambayar 'ya'yan mutane shanunsu nawa. Ban taɓa jin abu mai muni a kunnena kamar muryar nan tawa ba. Yaro na farko shiru. Ta biyu ta ce ba ta sani ba. Na uku shiru, sai ƙarar benci. Haka har aka zo kan Manu.

Manu ɗan shekara bakwai ne ko ƙasa da haka, mai yawan dariya. A na'urar aka ji ya yi 'yar dariyarsa, sannan ya fara. Bai faɗi lamba ba. Sunaye ya shiga jerowa: Raneye, da 'yarta Fure, da Ɓaleye mai harbi, da Woɗeye wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai innarsa. Kowace da uwarta, kowace da halinta. Aka ji na katse shi na ce, "A'a Manu, nawa? Lamba nake so." Ya ci gaba da sunayensa kamar ban yi magana ba. Da na gaji na ce, "To ina suke kwana?" Ya ce, "Kusa da Baba."

Sambo yana kallon sandarsa. Ya ce, "Sake."

Na sake kunnawa. Wannan karon leɓensa yana motsi tare da muryar yaron.

Da ta ƙare sai Sambo ya ce, "Bai bar ko guda ba." Ya goge fuskarsa da gefen rawaninsa. Ya juya wajen Maigari. "Waɗanda sunka zo, ta bayan kwari sunka biyo, inda karnuka ba su jin mutum. Wanda ya nuna musu hanyar ga ya sha nono a gidana. Wagga yarinya ko cewa ba a ƙirga shanu ba ta sani ba. Kakarta ba ta gaya mata ba."

A ranar na fara jin haka. Makiyayi ba ya ƙirga shanunsa a fili, ba ya faɗa wa baƙo adadinsu, kuma yaro tun yana ƙarami ake hana shi. Da suna ya san su, in ɗaya ta ɓata da ido zai gane. Yaran da na ɗauka ba su iya lissafi ba, tarbiyyar gidansu suke riƙe da ita, ni kuma ina tsaye a kansu ina ɗaga murya. Malama ta gaya mini daga baya cewa tambayar ta bi ta hannun malamai da yawa a jami'a kafin ta iso ajin, kowa ya ce ta yi kyau. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, a takarda ta yi kyau. Yanzu kafin a sa kowace tambaya a na'ura sai an je ruga an zauna da iyaye an karanta musu, da harshensu, sun ce to. Ku ma haka za ku yi. Jin harshen mutane daban, sanin abin da ba a tambayarsu daban. In kuka ga aji guda na yara sun sunkuyar da kai a kan tambaya ɗaya, ku kashe na'urar, ku tambayi babba.

Shanun Sambo ba su dawo ba, har yau da nake rubutun nan. Ni kuma ban koma ƙauyen ba tukuna. Malama ba ta matsa mini ba.

A zauren, ranar nan, Malama ta sake cewa za ta goge muryoyin Alhamis duka a gaban kowa. Maigari ya ce a goge. Sambo ya ɗaga hannu ya ce, ban da na Manu. Ya ciro wata ƙaramar waya daga aljihun rigarsa, wadda aka ɗaure bayanta da roba, ya ce ko za a iya sa masa a ciki. Malama ta karɓa da hannu biyu.

Ɗan Ige ya ajiye wayata a kan tabarma kusa da gwiwata, ya fita. Na ji yana gaya wa na waje su watse, ba ita ba ce. Ladan ya fara kiran la'asar. Maigari ya dube ni ya ce, "Tashi, ɗiyata. Babu mai taɓa ki a garin ga. Malam Garba shi raka ku har bakin titi."

Na ce, "Na gode, ranka shi daɗe." Sai da Malama ta gama sa wa Sambo muryar ɗansa, ta zo ta kama ni ta hammata, sannan na miƙe.