Tatsuniyar da na kai lakwal

A Gure, in an ci tuwo, mukan kewaye murhun Kaka Falmata. Tana tsince ƙaron da ta ɗebo a daji, tana ware fari da ja, tana ba mu tatsuniya. Ni can baya nake zama, ina kallon yatsunta da ƙayar dakwara ta tsattsage.

Akwai wadda sai ta rage murya take farawa. Wani baƙo ne ya fito daga ruwan da ba a hango gaɓarsa, ya ce wa sarki ba ya son ƙasa, ba ya son doki, hawayen itace kawai yake saye. Ya ba sarki jar hula. Kowace shekara jiragensa na ƙaruwa, hular na ƙara nauyi, har sarki ya kasa girgiza kai, sai gyaɗawa.

"To, wa ke sarautar?" in ji Kaka. "Kan ko hular? Ku tashi, ta ƙare."

Mu uku ne mata a lakwal, makarantar bokon Nasara, kuma ban taɓa ɗaga hannu ba. Ran da baturen kantin da ke sayen ƙaro ya ziyarce mu, mushe, malaminmu, ya nemi wanda zai ba da labarin gida da Faransanci. Na so a san na iya. Na miƙe na zuba tatsuniyar hular duka. Baturen ya yi dariya, ya tambayi wa ya koya mini. Na faɗi sunan Kaka.

Ran kasuwa mai awon kanti ko buhunta bai kwance ba, ya ce akwai ƙasa a ƙaronta. Haka aka yi ta yi har rani ya fita. Sai ta koma ba maƙwabciya ƙaron ta kai mata a ɓoye.

Ba ta yi mini faɗa ba. "'Yar lakwal," ta ce, "ta yi daɗi da Nasaranci? Da kin bar sarkin nan a gida, bai saba fita ba."

Daga nan sai labarin kura da dila kawai muke samu.

Na girma, na ga an sauke tutar Nasara an ɗaga tamu. Na ga manyanmu suna jiran kuɗin gyaɗa ya zo daga bakin teku kafin su buɗe baki. Sannan na gane ajiya ce ta ba mu a bakin murhun nan. Ƙannena sun tashi ba su san tatsuniyar ba. Kaka ta rasu ban nemi gafararta ba, don har lokacin ina gaya wa kaina ai baturen dariya kawai ya yi.