Birkin da aka ɗora wa Yahuza

Shekara goma sha shida ke nan da muka kai Yahuza makwancinsa a Doha, kuma har yau ban gamsu da labarin da aka ba mu ba.

Bakaniken babura ne daga Zangon Kumasi. Ni kuwa karatu ya kai ni daga Zariya. Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Farij Abdul Aziz, ina ce masa Yaya, shi yana ce mini ɗan boko. A lokacin ana yin wani tseren babura na awa takwas a bayan gari, mahaya na zuwa daga ƙasashe. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, mai gareji ne, yakan sa babur ɗaya a tseren, Yahuza ke kula da birki.

Wata shekara, ana cikin awa na shida, birki ya ƙi kamawa a kwana. Baturen da ke kan babur ɗin ya karye a ƙugu, bai sake hawa ba. Kafin la'asar shugaban garejin, wanda kafil ya ɗora a kan ma'aikata, ya riga ya gaya wa kowa cewa Yahuza ne ya yi sakaci. Shi kuma ya rantse mini cewa takalman birkin da aka miƙo masa da safe ba su ne ya ware ba, kwalin ma a buɗe ya zo. Ya yi magana, aka ce yalla, a yi sauri, lokaci ya ƙure. Ba wanda ya bincika. Kafil ya tura shi wata gona a Umm Salal gyaran injin ban ruwa, ya kuma hana shi takardar sauya aiki.

Ruwa ba ya tsami banza, amma a lokacin ba haka na ɗauka ba. Da na kai masa ziyara gonar, ya sake ɗauko zancen, sai na ce, "Yaya, ko dai mantuwa ce? Ɗan Adam ne kai."

Ya dube ni. "Har da kai, ɗan boko?"

Bai ƙara tayar da maganar ba. Bayan shekara biyu aka same shi a gindin inji ya rasu, aka ce ciwon zuciya ne. Wataƙila shi ne ɗin. Mutum ne dai da ban taɓa jin ya yi ƙorafin ko ciwon kai ba.

Yanzu an daina tseren, garejin ya zama shagon sayar da waya. Na taɓa cin karo da shugaban garejin a kasuwar kayan lambu ta Abu Hamour. Da na ambaci sunan Yahuza, ya ce khalas, abu ya wuce, ya bar tumatirin da ya zaɓa a kan sikeli ya tafi. An ce zato zunubi, to ni na ɗauki nawa, shi nake zargi.

Da Yahuza na raye, ban san ko zai yi murna da mutuwar tseren ba. Ina jin baƙin ciki zai yi, don yana son ƙarar injin nan kamar me, kuma da tseren aka binne duk wanda za a tambaya.

'Yarsa ta girma a Kumasi, ta kira ni bara tana son sanin ko gaskiya ne mahaifinta ya nakasa mutum. Na ce mata a'a, ba shi ba ne. Ba ni da hujja. Amsar da ya nema a wurina ce a gonar nan, na hana shi. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe mini.