Malam Wada da Aron Sai Ruwa Ya Sauka

Duk wanda ya saba bin hanyar firamaren da ke bayan kasuwar Sabon Birni da sassafe ya san ƙarar keken Malam Wada. Keken ya tsufa, mai shi ma haka, kuma a cikinsu babu wanda ya yarda ya huta. Yana isowa zai jingine shi a gindin dogonyaro, ya buɗe ɗakin karatu na yara, ya yi shara. Sannan ya durƙusa ya duba ƙafafun kantocin littattafai ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ya tsoma cikin gwangwanayen toka, domin shi da gara ba su taɓa shiri ba. Da an fita tara sai ya tsaya a bakin ƙofa da buta, yaro ba ya shiga sai ya nuna hannu. Wanda ya ci ƙosai bai wanke ba, ko ɗan hakimi ne, sai ya koma baya.

Shekara talatin da biyar yana wannan, watan jiya ya ajiye aiki. Ba a kafa rumfa ba, ba a kira maroƙa ba, shi ya sa na ga ya kamata a ce wani abu. Manyan garin suna kiransa Malam Sai Ruwa Ya Sauka, yara kuma sun ɗauka sunan yanka ne. Asalin sunan yana can shekarar 1984.

A shekarar nan damina ta yi wa mutane ƙafar ungulu. An yi shuka sau uku, gero ya fito ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Kafin kaka ta wuce rumbuna sun koma wurin kwanan ɓeraye, ɓerayen ma suka gaji suka tashi. Daga Tsamaye, daga Gangara, daga Burkusuma, mutane suka fara ɗaure kaya. Kullum aji sai ya ragu da yaro biyu ko uku.

Lokacin Malam Wada matashi ne, shekararsa huɗu da kama aiki, yana riƙe da littattafai ɗari biyu da goma sha biyu da doka guda ɗaya: littafi ba ya fita daga ɗakin nan. Ya kiyaye dokar har ranar da Fadima ta zo. Yarinya ce 'yar aji huɗu, 'yar wani makiyayi mai suna Labbo. Ta zauna a kan tabarma tana juya shafi da gaggawa kamar ana binta, aka koma aji ba ta tashi ba.

"Fadima, an kaɗa ƙararrawa," in ji Malam Wada.

"Malam, gobe za mu tahi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Baffa yac ce in munka ƙara sati guda nan, shanu na ƙarewa. Ina so in ga ƙarshen labarin."

Ya leƙa, ya ga ko rabi ba ta kai ba. Sai ya yanki ɗan kati ya rubuta sunanta da sunan littafin. A wurin ranar mayarwa ya rasa abin da zai sa, don ba wanda ya san ranar, sai ya rubuta: sai ruwa ya sauka. Ya jefa katin cikin wani tsohon gwangwanin madara, ya miƙa mata littafin.

Da la'asar sai ga Labbo da littafin a hannu, ya riƙe shi nesa da jikinsa kamar garwashi.

"Malam, wanga kayan gwamnati na. Mu ko ba mu san inda muka zuwa ba."

"Aro na, ba kyauta ba," in ji Malam Wada. "Ran da ruwa yas sabka, ku maido."

"In bai sabka ba hwa?"

"Shina sabka."

Labbo ya dube shi, ya dubi sama wadda ba ko ɗigon gajimare, ya sa littafin cikin jakarsa ya tafi.

Magana ba ta kwana a makaranta. Washegari yara uku masu tafiya suka yi layi, bayan kwana biyu suka zama goma. Hedimasta Alhassan, wanda yake shugaban makarantar a lokacin, har yau yana ba da labarin. Ya ce ya ja Malam Wada gefe ya ce masa, "Wada, kana neman ma kanka magana." Shi kuwa ya amsa da cewa yaron da zai bar gidansu da makarantarsu da abokansa, bai kamata ya tafi hannu wofi ba. Hedimasta ya ce daga nan ya daina bin ta gefen ɗakin, don kada idonsa ya ga abin da bakinsa zai zama dole ya faɗa. Kafin bazara ta kama, gwangwani ya cika da kati ɗari biyu da uku, a kan kanta kuwa saura littafi tara.

A wannan hali wani mai duba makarantu ya iso, dogo mai farin tabarau. Ya dubi kantoci, ya dubi rajista, ya zazzage gwangwani a kan tebur ya karanta kati biyar. Ba mugun mutum ba ne, hasali ma hanya ya so ya nuna wa yaron.

"Rubuta gara ta cinye su," ya ce a hankali. "Kowa ya san garar ƙasag ga. In sa hannu, magana ta mutu."

"Ranka shi daɗe, shekara huɗu ina yaƙi da gara, ko shahi guda ba ta ci ba. Ba ni yi mata ƙazahi. Littattahwan nan ba su ɓace ba, aro anka ba da."

Mai dubawa ya cire tabarau ya goge. Ya ce to, tunda haka ya zaɓa, zai dawo da kaka. Idan ya tarar da kantoci yadda suke, za a rufe ɗakin a mayar da shi sito, shi kuma Malam Wada ya nemi wata sana'a.

Kai ne, Malam, aka ba ka ƙofar fita a buɗe ka ƙi bi. Kana da sabuwar amarya da tsohuwar mahaifiya a gida, kuma aikin nan shi ne kaɗai abin da fari bai ƙona muku ba. Ka sani sarai, ka kuma ƙi rubuta kalmar. Ni wannan taurin kai nake yi wa jinjina.

Sai dai akwai yara kusan arba'in da ba su tafi ba, kuma littafi taran da suka rage sun haddace su har da lambar shafi. Malam Wada ya lura da kwalayen da ake zubarwa a wurin rabon abincin agaji. Ya riƙa kwasowa a bayan keke, ya yanka su daidai, ya ɗinke da basilla da zaren buhu. Shafuka sun samu, saura abin da za a zuba a ciki.

A layin rabon nan akwai wata tsohuwa daga Gangara, Inna Kande, wadda aka ce bakinta rumbun tatsuniya ne. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙi ta zo ta faɗa ya rubuta.

"Tatsuniya da rana tsaka?" ta ce. "So kaka yi in ɓace cikin daji da tsuhwana?"

Ya yi lallashi, ta ƙi. Da yamma kuma komawa ƙauye take yi. Kwana uku suna haka, a na huɗu ita da kanta ta biyo shi har ɗakin. Ta dubi tagogin biyu, ta ce ya rufe su, ya toshe ƙofa da tabarma. Ɗaki ya yi duhu, sai ɗan haske ta ƙasan ƙofa inda ya kwanta rub da ciki da alƙalami.

"To, nan ciki dare ya yi," in ji Inna Kande. "Abin da ad waje ba ruwana. Rubuta."

Haka aka sami labarin akuyar da ta tafi neman hadari, da na kurar da ta buɗe makaranta, da wasu da yawa. Wasu ta gada, wasu kuwa a nan take ƙera su, in ya tambaya ta ce ya yi aikinsa.

Zane ya rage. A tashar motar garin Isa akwai Usmanu mai fenti, wanda ke zana zakuna da dawakai a jikin manyan motoci, kuma a shekarar nan ba mai kawo masa aiki. Ranar kasuwa Malam Wada ya bi mota da kwalayensa a buhu. Usmanu ya karanta shafi biyu, ya yi dariya, ya jawo ragowar gwangwanayen fentinsa. Launi uku suka rage masa, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, shi ya sa duk akuyar da ke cikin littattafan nan shuɗiya ce. Da ya ji labarin mai dubawa, sai ya sa wa kura farin tabarau. Malam Wada ya ce ya goge, Usmanu ya ce fenti ya riga ya bushe.

A bangon kowane littafi an rubuta suna uku: Kande ta faɗa, Usmanu ya zana, Wada ya rubuta. Inna Kande ba ta karatu. Ta ce a nuna mata inda sunanta yake, aka ɗora yatsanta a kai. Ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce ashe gajere ne. Waɗanda suke wurin sun ce ta juya fuska tana gyara kallabi, alhali kallabin daidai yake.

Ruwa ya sauka a daminar 1985. Gari ya fita shuka, Malam Wada ya zauna a bakin ƙofa da gwangwani a cinya. Sati guda ba kowa. Sati biyu ba kowa. Ya rame, ya daina hira, amma kullum sai ya share kantocin nan da ba komai a kansu. A sati na uku wani manomi daga Tsamaye ya tsaya da jaki, ya ciro littafi daga cikin mangala, ya ce ɗansa ya hana shi sakat. Daga ranar suka fara shigowa. Wani na warin hayaƙi, wani da tabon fura, wani an yi masa riga ta fata a can inda aka yi zaman cin rani. Duk wanda ya dawo, Malam Wada zai ciro katinsa ya yaga a gaban mai shi.

Labbo ya iso ana gab da girbi. Ya tafi da shanu hamsin, ya dawo da shida. Fadima na bayansa da littafin naɗe cikin zanen uwarta.

"Ga amanarka, Malam," ya ce. "Kowane zango munka yi, sai ta karanta muna. Yanzu ni ma na iya shi da ka."

Ranar da mai dubawa ya dawo, littafi ɗari da sittin da takwas sun koma kanta, saura kati talatin da biyar a gwangwani. Gefe guda kuma ga littattafan kwali arba'in da ba su cikin rajistar kowa. Ya ɗauki ɗaya don ya ga ko mene ne, aka yi rashin sa'a ya ɗauko na kura. Hedimasta Alhassan ya ce shi a lokacin ya fara salati a zuci. Mutumin ya karanta a tsaye har ƙarshe, ya dubi kurar, ya taɓa tabaransa. Sai ya ce wanda ya yi zanen nan ya iya, amma ya rage masa tsawo. Ya rubuta a rahotonsa cewa ɗaki ya ci gaba da aiki, littafi talatin da biyar suna hannun aro.

Fari ya sake zagayowa bayan haka, ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da ya zo Malam Wada ya yanka sababbin katuna. Littattafan kwali sun haura ɗari uku, cikinsu har da bakwai na Fadima, wadda yanzu malama ce a Isa kuma ɗalibanta ke yi mata zane. Inna Kande da Usmanu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, amma yaran Sabon Birni suna kiran sunansu kullum, tunda sai an karanta bango kafin a buɗe. Tsofaffin katunan nan ma sun ci gaba da raguwa. Wani ya kawo nasa bayan shekara shida, wata ta aiko da nata daga ƙetaren iyaka a hannun ɗan acaɓa, bayan shekara ashirin.

Watan jiya, da yake miƙa makullai ga Malama Rahmatu wadda ta gaje shi, ta zazzage gwangwanin ta tarar da kati goma sha ɗaya, sun yi ja don tsufa. Ta tambaya cikin ladabi, "Baba, waɗanga in rubuta sun ɓace?"

Kowa a ɗakin ya san wasu daga cikin yaran nan ba su ga ƙarshen shekarar farin ba. Shi ma ya sani, ya fi kowa sani, don shi ya rubuta sunayensu. Ya tattara katunan, ya mayar cikin gwangwani, ya rufe.

"A'a, ɗiyata. Can inda suke, ruwa bai sabka ba tukuna."

Mun gode, Malam Wada. Kai ne ka amince wa yaro da littafi a shekarar da mutum ba ya amince wa ɗan'uwansa da mudun gero. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ko da yake an ce jiya ma an ji ƙarar keken. Mu kuma da muka rage, mai tsohuwa a gida ya zauna ya rubuta abin da ke bakinta tun tana nan, mai hannun zane ya zana, mai riƙe da makullin ɗakin karatu ya buɗe shi. Idan kuma akwai wanda wannan rubutu ya tarar a wani gari, da tsohon littafi a ƙasan akwati mai hatimin firamaren Sabon Birni, ya sani ba a rubuta shi cikin ɓatattu ba. Katinsa na nan cikin gwangwani, ana jiransa.