Gaisuwar da Mutawakil ya Yanke

Duk unguwar Kaladan an san Mutawakil da doguwar gaisuwa. In ya tare ka da safe, sai ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafar kakarka da ta gurɗe bara. Dattijo kuwa durƙusa masa yake yi, yana ta amsa "naa, naa" irin na Dagomba, ba ya tashi sai an sallame shi. Matarsa Barikisu takan ce da ana sayar da gaisuwa, da tuni sun gina bene.

Shekara goma sha tara yana tuƙa yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku. Da tsadar mai ta ishe shi, ya sayar da nasa ya sayi mai lantarki. Sai dai gidan haya suke, ɗaki tara mita ɗaya, kuma mai gidan ya rantse ba za a jona masa keke ba. Wuri guda ya rage: filin ajiye motoci na Kanvili, inda wani kamfani ya kafa turakun caji huɗu. Dokarsu ba ta da kunya. Batir ya cika, waya za ta yi ƙara, kana da minti goma ka zare. Ka wuce, a ci ka tara. Ka yi sau uku, a toshe katinka.

Lattinsa na farko huɗubar Juma'a ce ta ja masa. Na biyu gawar maƙwabci ya raka maƙabarta. Ran nan Mashudatu, mai kula da filin, ta ja shi gefe.

"Baba Mutawakil, saura ɗaya fa. Mashin ɗin caji bai san gaisuwa ba. In ya kulle, ni ma ba na iya buɗewa."

Wata Talata ya jona keken, ya tsallaka titi cin wake da shinkafa. Waya ta yi ƙara, ya miƙe da sauri, sai ga Baba Iddrisu yana dogara sanda. Aminin marigayi mahaifinsa ne, shi ya raɗa masa suna. Mutawakil ya durƙusa. Tsohon ya fara daga Barikisu, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya, ya gangara kan dangi na ƙauye. Baki na cewa "naa", zuciya na ƙirga minti. Tsoro ya kama shi, tsoron tukunyar gidansa. Tsohon na tsakiyar magana Mutawakil ya miƙe.

"Baba, ina zuwa."

Bai taɓa yin haka ba tun da aka haife shi. Ya kutsa cikin babura, takalmi ɗaya ya fice, bai waiwaya ba. Ya iso da minti goma sha ɗaya, an riga an toshe katinsa. Mashudatu ta kau da kai.

Ya buga lambar kamfanin har ya haddace ta, babu mai ɗauka. Keken na tsakar gida yanzu, Barikisu na shanya a kansa, ta kuma daina tsokanarsa.

Bayan kwana uku ya taka har unguwar Bulpiela neman gafara. Ya durƙusa a ƙofar Baba Iddrisu, ya shirya ya wuni a nan in ta kama, don yanzu ba abin da ke jiransa. Tsohon ya dube shi, ya amsa sau ɗaya.

"Tashi ka je, ɗana. Kada in ɓata maka lokaci."