Bangon da Ya Ƙi Bushewa

Shekarar da aminiyata ta tafi aikin hajji, ni ta bar wa makullin ɗakinta. Aikina guda ne, in riƙa zuwa Treichville bayan kwana uku-uku in buɗe taga iska ta shiga, don tafiyar ta faɗo tsakiyar damina, kuma duk wanda ya zauna Abidjan ya san abin da ruwa ke yi wa ɗakin da aka rufe. Takalmi kansa fumfuna yake yi.

Amare muka zo garin nan ni da ita, daga ƙauyuka biyu na wajen Tawa. Ni aka sauke ni a Bromakoté cikin Adjamé, ita aka haye gada da ita zuwa Treichville. Mijinta ya rasu da daɗewa, ta ci gaba da sayar da atamfa a kasuwa, ta yi shekara da shekaru tana tara kuɗin kujera. Ana gobe za ta tashi, muna zaune a bakin gadonta, ta gaya mini in ta dawo ba a nan za ta karɓi 'yan barka ba. Yayanta, wani babban ɗan kasuwa a Adjamé, ya ce ta sauka gidansa mai falo da kujeru, a yi kwanakin gaisuwa a can.

Na ce, "Ke da ɗakinki?"

Ta dubi bango ta ce, "Ƙawa, wanga ɗaki? Malamai za su taho, matan alhazai za su taho. Ina zan sa su?" Ta yi dariya, amma na san dariyarta ta gaskiya, kuma ba ita ba ce.

Maganar ta tsaya mini a rai. Mace ta tara kuɗinta da guminta ta je ɗakin Allah, ta dawo a yi mata barka a falon wani, baƙi suna yaba labulen da ba nata ba. Abin ya ƙona mini rai. Ni kuwa ba na iya ganin abu in kau da kai, maigidana ya gaji da faɗa mini haka.

Ranar da na fara buɗe ɗakin na dube shi da idon baƙo, sai na ga ba ta yi ƙarya ba. Yana nan yadda aka jera mata shi ranar da ta tare. Gadon ƙarfe mai rumfa, kabad mai gilashi cike da kwanukan jere da ƙura ta dusashe, ledar ƙasa da ta cinye har siminti ya leƙo a bakin ƙofa, da bango kore mai duhu da ruwa ya yi wa zane. Har kalandar wata shekara da ta shuɗe tana rataye, wai don hoton masallacin da ke jiki. Kullum nake zama a ɗakin nan ban taɓa ganin tsufansa ba, hira ta rufe mini ido.

Abin da ke hannuna bai taka kara ya karya ba, amma na san Adjamé kamar yunwar cikina. A kasuwar Roxy na sami ƙarshen naɗin leda mai ruwan zuma wanda mai shago ke neman rabuwa da shi. Telan bayan gidanmu ya haɗa mini labule da ragowar yadi kala biyu, ya fito kamar da gangan aka yi. Kwanukan kuwa na so in tura su ƙarƙashin gado, don yanzu ba mai jere irin wannan. Maƙwabciyarta ce ta hana ni, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Jula da duk gidan ke kira Mama. Ta karɓe kwanon daga hannuna, ta kawo toka da lemon tsami, muka yini muna dirza. Da suka fito fes da furanninsu ja da rawaya, kunya ta kama ni, na mai da su kabad ɗaya bayan ɗaya.

Fenti na bari a ƙarshe, kuma da gangan na bar shi. A garinmu ranar jajibere ake shafe ɗaki. Ki kwaɓa farar ƙasa da hantsi, ki shafa, kafin la'asar ya bushe ƙayau, salla ta same shi sabo. Haka na tashi na ga innata tana yi, haka na so Hajiya ta tarar da nata. Saura kwana uku jirginsu ya sauka na je wurin wani mai sayar da ragowar fenti, haihuwar Abidjan, rabin Hausarsa Faransanci. Ya juye mini shuɗi mai mai daga gwangwani uku cikin bokiti ɗaya.

Ya ce, "Tanti, avec la pluie-là, pentir ba shi bushewa hwa. Faut attendre soleil." Wai da ruwan nan fenti ba ya bushewa, sai in jira rana ta fito.

Na ce, "Ni za ka koya ma shafe? Tun ina 'yar shekara bakwai nike shafe ɗakin innata."

Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo mini bokitina. Na shiga woro-woro, motar haya ta haɗin gwiwa, ina rungume da shi a cinya, muka ratsa ruwan da ya kwanta a mararrabar Indénié har yana lasar ƙofar mota. Da na isa na ga fentin ba zai kai bango huɗu ba, sai na tsinka shi da kananzir, ina yaba wa kaina dabara. Muka shafa ni da matan gidan, ɗaki ya yi haske, na koma gida ina jin ba kamata.

Washegari Mama ta tare ni a ƙofa. Ta kama hannuna ta shigar da ni, ta dangwala yatsa a bango ta nuna mini. Shuɗi shar. Jibi ma haka. Ruwa bai ɗauke ba, rana ba ta leƙo ba, bango yana ta sheƙi yana danƙo, ga warin kananzir har tsakar gida. Shekara ashirin da ɗoriya ina shanya wanki ya kwana biyu bai bushe ba a garin nan, amma da aka zo maganar bango sai kaina ya koma Tawa. An dai ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni ce ban ji ba.

Na ce a kawo murhun gawayi a jera a ɗakin. Mama ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa, "Kananzir, wuta. Kina so gida duka shi ƙone?" Matan gidan suka fashe da dariya, ni ma na bi su don ba yadda zan yi. Ita ce ta bi ɗaki-ɗaki tana karɓo fanka. Muka jera su suna fuskantar bango, wadda ba ta da fanka ta zo da faifai ko kwali. Mu wajen goma, manyan mata masu 'ya'ya da jikoki, muka tsaya muna yi wa bango fifita. Wata ta ƙirƙiro waƙa da Julanci, duk inda aka zo amshi sai a nuna ni. Ban ji abin da ake cewa ba, na dai san ba yabo ba ne. Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta. Zuwa yamma bango uku sun sha iska, na huɗun, wanda ke kusa da ƙofa, ya ce shi bai san zancen ba.

Muka shimfiɗa leda, muka rataya labule, muka ajiye kaskon turare daga waje don ƙamshi ya shiga wuta ta tsaya. Washegari da hantsi motar yayanta ta tsaya a ƙofar gida. Ba sauka ta zo yi ba, zannuwa kawai za ta ɗauka su wuce Adjamé, can an riga an ɗora tukunya. Ta shigo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ta rame, fuskarta na haske. Muka rungume juna, na miƙa mata makulli.

Ta ɗaga labule ta tsaya. Ta dubi kwanukan, ta dubi ƙasa, ta dubi gadon da muka goge har ƙarfensa na ƙyalli. Sai ta koma da baya ta jingina da bangon kusa da ƙofa. Mu duka muka buɗe baki, amma aikin gama ya gama. Da ta ɗago, tun daga kafaɗa har kwankwaso hijabin Makka ya zama shuɗi.

Na fara ba ta haƙuri. Ta juyo da hijabin ta duba, ta dube ni, ta ce, "Ƙawa, jajibere kika yi mini?" Ta fahimta tun ban buɗe baki ba, don ita ma ɗiyar can ce. Ta yi dariya har da hawaye, wannan karon ta gaskiyar. Yayanta ya leƙo yana duba agogo ya ce, "Hajiya, ki canza mu tahi, mutane na jira."

Ta zauna a bakin gado ta cire takalmanta, ta tura su ƙarƙashi.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ka ce musu su taho nan, da tukunyar duka."

Bai so ba, amma ya tafi. Hijabin ma ƙin cire shi ta yi. Bayan azahar baƙuwa ta farko ta yi sallama, wata hajiya mai zoben zinare a kowane yatsa. Aminiyata ta gyara zama, ta jawo farantin dabino kusa, ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Bisimilla Hajiya, shigo ɗakina. Sai dai kada ki jingina."